Ciyawar Amurkawa da Darbejiyar Baba Ilu

Ran nan muna zaune a ƙofar gida a Nuzla bayan la'asar, Fahad ɗan ƙanwata ya dube ni ya ce, "Kawu, wallahi shugul ɗinka sahal ne. Ka riƙe tiyo bas, moya ta yi sauran." Wato aikina ba wuya, in riƙe tiyo kawai ruwa ya yi sauran. Abokansa suka yi dariya, ni ma na taya su, don yaron bai faɗa da mugun nufi ba. A nan Jidda aka haife shi, ko albasa bai taɓa shukawa a gwangwani ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin lambu a garin nan, kuma tunda ku yaran yanzu kuna ganin riƙon tiyo ne, to ku gyara zama ku ji.

Aikin farko da aka ba ni babu tiyo a cikinsa. A 1978 ne, na zo aikin hajji daga ƙasar Haɗejiya na zauna, wani ɗan garinmu ya haɗa ni da kafili, wato mai tsaya wa baƙo ya yi aiki a ƙasar, aka kai ni wani kambawun a arewacin gari, can wajen hanyar Madina. Unguwa ce guda da aka zagaye da katanga, wani kamfani ya gina wa ma'aikatansa Amurkawa da iyalansu. Babban mai lambun wurin shi ne Baba Ilu, Bahaushen Sudan, dogo siriri mai guntun gemu, wanda magana ke yi wa tsada. Ya tambaye ni abin da na iya. Na ce ɗan fadama ne ni, da noman rani na tashi. Ya ce, "Kwayyis, da kyau. Manta da shi." Ya miƙo mini shebur, ya nuna mini baro.

Ƙasar Jidda gishiri ce da ta yi shigar ƙasa. Ka zuba mata ruwa yau, gobe ka tarar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari. Don haka kafin a shuka komai sai an kwashe ta an zubar, a kawo jar ƙasa a tifa daga kwaruruwan bayan gari, a cakuɗa da takin tumaki wanda ya daɗe ya huce. Sabon taki ƙone saiwa yake yi. Watanni na yi ina tura baro har tafin hannuna ya yi kanta, ban taɓa ganye ko ɗaya ba. In na gama shimfiɗa ƙasa, Baba Ilu zai zo ya ɗebi kaɗan ya ɗora a harshe. In ya tofar ya wuce, aiki ya yi. In ya tsaya yana motsa baki, na san zan sake wanke wurin da ruwa har gishirin ya nutse.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai almakashin aske shinge, da lauje, da wata 'yar fartanya da Baba ya taho da ita daga Sudan, ƙotarta ta yi santsi don daɗewa. Akwai injin yankan ciyawa, wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. Dutsen wasawa kuwa da kansa yake zuwa unguwar Bagdadiyya ya zaɓo, ba ya aiken kowa. Ruwan wurin a wayit ake kawo shi, tankar nan da kuka sani, a juye a babban tankin ƙasa, daga nan bututu ya rarraba shi. Kowane bututu da mahbas ɗinsa, wato makullin da ake murɗawa a buɗe ko a rufe. Kafin Baba ya yarda in taɓa mahbas, sai da na san inda kowane bututu ya bi a ƙarƙashin ƙasa ba tare da na tona ba.

Ita ciyawa ba ta da baki, amma tana da ƙorafi. Ka taka ta ka wuce ka waiwaya. In sawunka ya tashi, ta ƙoshi. In ya zauna yana kallonka, ƙishi take ji. Ka ba ta ruwa da rana tsaka, ka dafa ta. Ka yawaita mata, saiwarta ta yi lalaci ta zauna a sama, ranar da ka makara ta kwanta maka. Ka yanke ta da dakusasshiyar wuƙa, ba yanka ka yi ba, yaga ka yi, washegari bakinta duk ya yi fari kowa ya ga aikinka. Sannan ga gishiri a ƙasa yana jira. Ruwan da kake zubawa rabinsa na ciyawa ne, rabinsa na danne gishirin ne kada ya taso.

A shekarata ta huɗu Baba ya danƙa mini babban filin tsakiya. Fili ne mai faɗi, gidaje sun kewaye shi, da wata 'yar rumfar katako fara a gefe. Ni na kwashe tsohuwar ƙasarsa, ni na dasa shi tsiro-tsiro a durƙushe, ni na goye shi har ya haɗe ya zama shimfiɗa ɗaya. Bayan sallar asuba nakan buɗe rashash, ƙarafunan nan masu juyawa suna feshi. Gari bai gama wayewa ba, iskar teku tana shigowa da ɗanshinta, feshin ya tashi ya haɗu da hasken farko, gidajen su zama kamar suna iyo. A wannan lokacin ba ka jin mota, ba ka jin kowa, sai tsit-tsit ɗin ƙarfe da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sau da yawa nakan manta a wace ƙasa nake. Na so filin nan ƙwarai, kuma na yi alfahari da shi.

A nan na saba da Madam Rut. Matar wani injiniya ce, ta manyanta, 'ya'yanta sun girma suna can gida. Takan fito da kofin shayinta ta zauna a rumfar katako tana kallon feshi. Ni kuma ina da ɗan Turancin firamare, wanda zaman kambawun ya ƙara wa ƙiba. Wata safiya ta ce mini, "Harun, ka san abin da ka shuka? Filin gaban kotun garinmu ka shuka." Daga ranar ta fara ba ni labarin inda ta fito, wurin da suke kira kawunti, kamar ƙaramar hukuma a wurinmu.

Ta ce a tsakiyar garin akwai tsohon ginin kotu mai agogo a ka, da fili irin nawa a gabansa. Masu kashe gobara ba ma'aikata ba ne, mutanen gari ne. In jiniya ta yi kuka, mai aski ya bar kan mutum rabi ya ruga, mai kanti ya bar kanti a buɗe. Akwai motar da ke yawo ƙauye-ƙauye cike da littattafai, tana ba da aro. In ƙanƙara ta rufe hanya, manomi ya fito da tarakta ya share wa maƙwabta tun kafin hukuma ta farka. Sau ɗaya a shekara ana baje koli, a ba mai babbar kabewa kyauta. Komai nasu da ƙuri'a ne, shugaban 'yan sanda, masu kula da makaranta, har mai duba gawa. Ba ta ɓoye mini ɗaya gefen ba. Ta ce masana'antar garin ta rufe, samari sun watse, akwai masu kwana a gidaje masu taya a bayan gari. Akwai tsofaffin da ke mutuwa su kaɗai a ɗaki, sai mai kawo wasiƙa ne zai lura.

Ban taɓa zuwa ba, har yau. Amma ina bin injin yanka ina gina kawuntin nan a kaina. Da yake ban san yadda abubuwansu suke ba, sai na riƙa cike gurbi da namu. Na sa fadamar garinmu a bayan kotun. Mai askin ya zama wanzami da zabirarsa yana gudu. Motar littattafai takan tsaya a gindin tsamiya ran kasuwa. Ƙanƙarar ce ta gagare ni, sai na mai da ita auduga. Wani lokaci in na kai ƙarshen layi na juyo, nakan ɗaga kai in duba agogon kotu, sai in ga tankin ruwan kambawun.

Abu ɗaya daga kawunti da na gani da idona shi ne taro. Sun taho da shi a jaka. Duk wata, ranar Alhamis da hantsi, sukan hallara a zauren da ke kusa da wurin wanka, su tattauna kwata da fitilun hanya da gudun mota. Shugaban taron wani mutum ne da muke kira Mista Dogo, don sunansa na gaskiya yana karya harshe. Mutum ne mai gaskiya, mai son ƙa'ida kamar ransa. A gabansa akwai wata 'yar kwalba mai ƙugu da yashi a ciki, irin wadda matansu ke auna dahuwar ƙwai da ita. In mutum ya miƙe zai yi magana sai a kifa ta. Yashi ya gama zuba, magana ta ƙare, ko kai ne manajan kamfani. In an gama, a ɗaga hannu a ƙirga. Madam Rut ce ta sa aka yarda cewa duk mai shan ruwan kambawun yana da bakin magana a taron, har mu. Ba wanda ya taɓa gwadawa a cikinmu.

Shi Baba Ilu, zuciyarsa ba a cikin katanga take ba. A bayan kambawun akwai inda ma'aikata ke jiran motar Sharafiyya da Nuzla, direbobi da masu wanki da masu raino. Fili ne fetal, ko inuwar sandar lantarki sai an yi rabo. Baba ya tsinto 'ya'yan darbejiya, ya raine su a gwangwanayen madara, ya dasa su a jere bin katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wani tsohon manaja ya ba shi izini ya huda katanga ya fitar musu da siririn bututu. Baba ba shi da ɗa, kuma bai taɓa yi mana zancen ba. Amma duk wanda ya ga yadda yake zagaya itatuwan nan da yamma, yana gyara musu gurbi da 'yar fartanyarsa, ba ya buƙatar a yi masa bayani. A lokacin da nake ba ku labari sun ɗara tsawon mutum, sun fara yin inuwar da mace za ta tsuguna da ɗanta. Saiwarsu dai ba ta kai ta nemo ruwa da kanta ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya yi wuya a gari gaba ɗaya. A Nuzla muna bin layi da jarkoki, mata suna wanke shinkafa su ajiye ruwan don wanke kwano. Kamfani ya rage wayit ɗin kambawun kusan rabi, kuma ga zafi ya kunno kai. Aka ce ran Alhamis taro zai yanke abin da za a rufe. Ba mu buƙaci boka ya gaya mana cewa bututun bayan katanga yana cikin na farko ba.

Baba ya yi abin da duk dattijon kirki zai yi. Ya sa farar jallabiyarsa, ya yanko na'ana'a da tumatir daga ɗan lambunsa, ya ce in biyo shi in yi masa tafinta. Gida-gida muka bi. A kowace ƙofa ya yi gaisuwa, ya miƙa abin da ya kawo, sannan ya ce, kamar zancen ya faɗo masa ne kawai, "Bana rana ta yi zafi. Masu jiran mota a baya suna ta sa albarka saboda 'yar inuwar nan." Su kuma su yi murmushi, su yi godiya, su ce lallai mu zo taro. Da muka fito daga gida na ƙarshe ya kakkaɓe hannu ya ce, "Halas. Sun karɓa, sun ji. An gama."

Ran taro muka zauna can baya kusa da ƙofa, inda ya dace da mu. Mista Dogo ya faɗi abubuwan da za a rufe: famfon wanke mota, maɓuɓɓugar ado ta bakin ƙofa, da bututun waje. Ya tambaya ko akwai mai ja. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Madam Rut ta juyo ta zuba mana ido.

Na raɗa wa Baba, "Suna tambaya ko akwai mai magana."

Ya ce, "Mun riga mun yi magana."

"Baba, kamar so suke a faɗa a nan."

"A gaban jama'a? In miƙe in ja da masu gida, bayan na je har ɗakinsu? Kai dai yi shiru, ya walad. Sun san abin da ya kawo mu."

Aka ɗaga hannu. Kafin azahar an rufe bututun waje.

Da yamma Madam Rut ta same ni ina wasa wuƙar inji, ranta a ɓace. Ta ce, "Me ya sa Baba bai tashi ba? Na ga ya yi shiru, na ɗauka ya haƙura." Na yi mata bayani cewa a wurinmu babbar magana a zaure ake gama ta, taro na shaida ne kawai. Ta ce a wurinsu abin da aka faɗa a bakin ƙofa hira ce, ba a ƙirga shi. Wasu ma sun ɗauka tumatir ɗin kyautar bankwana da kakar lambu ce. Ta ce ana iya sake kawo maganar a taron wata mai zuwa, amma sai shi mai abin ya miƙe da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa. Da na kai wa Baba, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Mutanen nan, sai mutum ya tsaya tsirara a kasuwa sannan su san yana son riga?" Na ce haka al'adarsu take. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba.

Wata guda a zafin Jidda ba wasa ba ne ga ƙaramin itace. Ban san wanda ya fara ba, amma sai muka ga direbobi sun daina alwala a bakin famfo, kowa ya ɗauki butarsa ya fita ya tsuguna a gindin darbejiya. Masu wanki suka riƙa fitowa da ruwan ɗauraya na ƙarshe a bokiti. Kowa ya kama itace guda ya ce nasa ne, har ana gardama a kan na wa ya fi kore. Ya taimaka, amma buta buta ce. Ganye ya fara rawaya yana zuba, biyu na can kusurwa suka bushe ƙaf. Baba ya tsaya a kansu, ya karya reshe ya ji ƙarar. Da daren Laraba na ga ya ba da jallabiyarsa guga.

Zauren ya cika ran nan, don labari ya zaga cewa tsohon mai lambu zai yi magana. Da aka zo kan batun, Baba ya miƙe. Na miƙe a gefensa. Mista Dogo ya kifa kwalbar yashi.

Baba ya yi sallama. Sannan ya fuskanci Mista Dogo ya tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da ƙafarsa da ta yi ciwo kwanakin baya. Na fassara. Ya juya ga na kusa da shi, ya tambayi jikin 'yarsa da ta yi zazzaɓi. Ya tambayi wata mata labarin mahaifiyarta da ke kwance a can ƙasarsu, ya yi mata addu'a. Mai lambu yana ganin kowace ƙofa kowace safiya, ba abin da ya ɓace masa. Layi-layi yake bi, ba ya tsallake kowa, don tsallake mutum a gaisuwa cin fuska ne. Ni ina fassara, idona yana kan yashi. Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Baba, yashi." Ya ce, "Ina sane. Ba a shiga magana ba gaisuwa." Yana kan layi na uku ƙwayar ƙarshe ta faɗa.

Mista Dogo ya yi ja har kunne. Ya ce yana ba da haƙuri, amma lokaci ya ƙare, kuma ƙa'ida ɗaya ce ga kowa.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

"Ya ce yashi ya ƙare."

"Ai ban fara ba."

Madam Rut ta miƙe ta ce ita ma tana da nata yashin, kuma ta ba shi. Mista Dogo ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya, ya sake kifa kwalbar. Baba ya ƙarasa gaisuwar layin da ya rage, a gurguje wannan karon, sannan ya ce, "Ga itatuwa a waje, ga mutane a ƙarƙashinsu. Su ne masu wanke muku kaya, su ne masu kai 'ya'yanku makaranta. Itatuwan yara ne, ba su kai su nemi ruwa da kansu ba. A riƙe su shekara biyu, ba za su sake roƙon kowa ba. Ina roƙo a buɗe musu." Ya zauna. Ban taɓa jin ya ce yana roƙo ba sai ran nan, kuma na ga abin da kalmar ta ci masa.

Mista Dogo ya ce ya ji, kuma maganar ta shige shi, amma ruwa ba ya ƙaruwa don an ji tausayi. Duk abin da za a iya rufewa an rufe. Abin da ya rage gidaje ne da filin tsakiya. Sai ya dube ni. Ya ce, "Harun, ba tafinta nake tambaya ba, kai nake tambaya. In muka ɗebi na itatuwa daga na fili, ciyawar za ta rayu?"

Na san amsar tun kafin ya rufe baki. Abin da filin ke samu a lokacin da ƙyar yake danne gishiri. A rage ko kaɗan, gishirin zai taso ya cinye shi a hankali, a yi asarar ruwan a yi asarar ciyawar. Na dubi Baba, ya ƙi dubana. Ta taga ina hango filin, kore shar, layukan yankan jiya suna kwance a kansa. Na ce, "Ba za ta rayu ba. In za a ɗiba, gara a rufe mata gaba ɗaya, a ba itatuwa, sauran a bar wa gidaje." Na zauna tun yashina bai yi nisa ba.

An yi gardama mai zafi. Wani mutum da 'ya'yansa ke buga ƙwallo a filin ya ce shi kaɗai ne wurin da yaransa ke mantawa suna nesa da gida, kuma gaskiya ya faɗa. Da aka zo ɗaga hannu, na Madam Rut ne ya fara tashi, fuskarta tana wajen taga. Hannayen itatuwa suka rinjaya da kaɗan. Uban yaran nan masu ƙwallo ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinsa ba.

Filin bai dawo ba. Ko da ruwa ya wadata daga baya, gishiri ya riga ya ci ƙasar, kamfani kuma bai ga dalilin sake kawo tifa ba, aka zuba tsakuwa. Madam Rut ta ci gaba da fitowa da shayinta, amma labarin kawunti ya ragu, har suka koma gida. Na yi wasu filayen bayan nan, a gidajen attajirai da gaban ofisoshi, wasu sun fi shi girma. Babu wanda ya kama ƙafarsa.

Ni aka bar wa rufewar. Washegarin taro, Juma'a ce, na zo bayan asuba kamar kullum. Baba ya ce zai karɓe ni, na ce a'a, ya je waje ya jira. Na buɗe rashash na bar shi ya yi zagayensa har hasken ya fito, feshin yana tashi, gidajen suna iyo. Sannan na durƙusa na kama mahbas da hannu biyu na murɗa. Ƙarafunan suka rage gudu, suka yi ta ɗiga, suka tsaya kowanne yana kallon wani gefe. Na taka zuwa bayan tanki na buɗe na siririn bututu, na ji ruwan ya shiga yana tari a ciki. Baƙin ciki ya cika ni, ba zan ɓoye muku ba. Na dawo na tsaya a tsakiyar filin, ciyawar tana sheƙi, ta ƙoshi, ba ta san komai ba.

Can sai na ji muryar Baba daga bayan katanga.

"Haruna. Ya iso."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Ba sai ka fito yanzu ba."